Ranar da Aka Karrama Usman Mai Raksha

Ban taɓa mantawa da ranar da maktab ɗinmu, wato ofishin da nake aiki, ya karrama Usman ba. Wata Alhamis ce, kafin yaƙin nan ya watsa mu. Ni dai shayi da jabana, gahawarmu ta Sudan, nake dafa musu a Hartum, in gama in koma gidana a unguwar Alsawra. Ban yi boko ba, amma mai zuba shayi ba a rufe mata kunne.

Aikinsu manhaja ce ta asibitocin ƙauye, irin wadda suke cewa a buɗe take. Kowa a duniya yana iya gyara ya aiko, manyan maktab su duba, in sun karɓa a sa sunansa a jeri. Ba a biyan kowa. Sunan nan shi ne ladan, da shi ake samun aiki.

To, shekara guda ba a zancen kowa sai wani Usman da ba su taɓa gani ba. Mudir, wato shugabanmu Ustaz Tariƙ, yana cewa daga ganin aikin ka san kwanyar namiji ce. Ni kuwa ina juya sukari ina haɗiye dariya, domin Usman ɗan maƙwabciyata ne, raksha yake tuƙawa, keken hayar nan mai ƙafa uku. Mai aikin ƙanwarsa ce, Nafisa. Ta taɓa gaya mini ta aika gyara da sunanta, ya yi wata uku ba wanda ya buɗe. Ta sake aika shi da sunan yayanta, kwana biyu aka karɓa har da yabo. Ta roƙe ni in yi shiru, na yi, kuma Allah ya sani shiru ba sana'ata ba ce.

Sai maktab ya ce zai ɗauki Usman aiki, ya zama mai duba gyaran wasu. Ranar suka zo tare da Nafisa. Aka rungume shi, aka zaunar da shi a gaba. Nafisa kuwa, mudir ya dube ta da fara'a ya ce ta taimaka wa hala, wato ni, da kofuna. Ta ɗauki tire.

Mudir ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda suke neman ma'aikata mata ido rufe amma ba sa samu. Sannan ya ce Usman ya bayyana yadda ya gyara ɓangaren rajistar haihuwa. Usman ya tashi yana share zufa.

"Ya Ustaz, in birki ne ko kilaci, a kira ni. Wadda ta yi wannan ga ta can, tana miƙa maka shayi."

Mudir ya riƙe kofin kamar ba a hannunsa yake ba. Nafisa ta ajiye tire, ta yi bayani kusan rabin awa. Da ta gama ya ce ai shi dama ya ji a jikinsa, tsaftar aikin irin ta mata ce.

An ba ta aikin, bayan gwajin wata uku da ba a ce za a yi wa Usman ba. Tsohon jerin kuwa sun ce ba ya gyaruwa, har yau sunansa ne a kai.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Mutanen nan suna gano kuskure ɗaya cikin layi dubu, amma mace a gabansu da tire, sai an nuna musu da yatsa.