Jirgi Mai Tozo a Rumfar Hajiya Ma'u

Kowace safiya, bayan ta idar da salla, Hajiya Ma'u takan ɗauki tsintsiya ta share rumfar da ke ƙofar gidanta, can bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro. Daga tsakiya take farawa. Ta bi siririyar hanyar da ta bari tsakanin bencuna har ƙarshen rumfar, ta dawo ta ɗaya hanyar, sannan ta gyara zaman kowane benci ya fuskanci gabas. A ƙarshen rumfar akwai ɗan kewaye na zana mai ƙofar kwano da sakata. A jikin ginshiƙi kuma, kan ƙusa, akwai wata tsohuwar ɗamara mai bakin ƙarfe, irin wadda ake ɗaurawa a kujerar jirgin sama, wadda ita take kira santir. Takan sauko da ita ta goge ƙarfen da gefen zanenta, ta mayar. Bana sharar tana ɗaukar ta lokaci, domin gwiwoyinta sun ƙi, idanunta kuma sun fara yana. Sai ta share kaɗan, ta dafa ginshiƙi ta huta.

Yaran unguwa suna ce mata Ma'u Otes, yawancinsu ba su san dalili ba. Dalilin shi ne, tun tana budurwa, bayan ta gama lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, kamfanin jiragen sama na ƙasashenmu ya ɗauke ta aikin otes, wato mai kula da fasinja. Abin da ya sa aka ɗauke ta bakinta ne: tana jin Hausa da Faransanci, ta tashi cikin Fulani da Buzaye ta iya harsunansu. Duk lokacin aikin hajji ita ake sawa cikin babban jirgin nan mai bene, wanda Turawa ke kira jambo. Makiyayanmu da suka fara ganinsa a filin jirgi na Yamai, da ƙusumbin nan a kansa, suka ce ai wannan bijimi ne, suka sa masa jirgi mai tozo.

In ka zauna da ita ta fara ba ka labarin jirgin nan, muryarta takan canja. Matakala a cikin jirgi, kana hawa kamar a gidan sama. Injin huɗu, in suka tashi sai ka ji su a ƙirjinka. Abinci da cokalin ƙarfe, bargo ga kowa. Matuƙi ɗan Dakar, mataimakinsa ɗan Kwatano, masu kula da fasinja daga Abijan da Njamena da Dakoro, duk baƙar fata, duk da tufafi iri ɗaya. Ta ce ranar farko da ta ji an yi sanarwa da Hausa a sama, kuma muryarta ce, sai da ta shiga wurin dafa shayi ta share hawaye. Har yau in ka shiga ƙauyukan Kornaka za ka ga jakar kamfanin rataye a ɗakin wani tsoho, tambarinta ya koɗe, an ajiye Alƙur'ani a ciki. Kamfanin ya mutu shekara ashirin da wani abu ke nan. Wasu irinsa na ƙasashen maƙwabta sun bi shi. Jirage masu tozo an kwashe su an jibge a hamadar wasu ƙasashe, ana yanka su kamar tsofaffin motoci. Hajiya Ma'u ta dawo gida da akwati ɗaya, da santir ɗin da take nuna wa fasinja yadda ake ɗaurawa, wanda shugaban aikinta ya miƙa mata ranar rabuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Muna da isassun masu zama ƙarƙashin itace suna ba mu labarin daɗin da.

Akwai abin da ta gani a sama wanda bai bar ta ta zauna ba. A wata tafiya, wani dattijo makiyayi daga arewacin Dakoro ya zauna kusa da surukinsa. Duk wanda ya tashi cikinmu ya san abin da wannan ke nufi: babba ba ya miƙewa gaban suruki, gaban mata, gaban jama'a, a gan shi ya nufi makewayi. A daji sai ya ɗauki sanda kamar zai duba shanu, ya ɓace bayan tudu. A jirgi babu tudu. Da dattijon ya ji labarin haka tun a gida, sai ya yi dabara irin tamu: ya daina shan ruwa tun kafin ya hau motar Yamai, ya ci gaba da ƙin sha a sansanin alhazai, cikin zafin rana, yana jiran jirgi. Ta kawo masa ruwa a sama, ya girgiza kai. Ta sake kawowa, ya juya fuska. Kafin a sauka Jidda ya faɗi. A kan hannunta aka kwantar da shi tsakanin kujeru. Bai ga Ka'aba ba, bai kuma dawo gida ba. Shanun da ya sayar don tafiyar, a kasuwar da ke gaban gidanta yanzu ya sayar da su.

Shi ya sa da ta dawo Dakoro ta kafa rumfa ta jera bencuna. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ke biyanta. Malamai suna koya wa maniyyata ɗawafi da jifa, Allah ya saka masu. Ita kuma tana koya masu sa'o'in da ke tsakanin Yamai da Jidda, waɗanda kowa ke ganin ba su kai a yi magana a kansu ba. Ta zaunar da su sahu-sahu. Ta zaga da santir, kowa ya ɗaura ya kwance da hannunsa har sai ya daina tsoron ƙarar ƙarfen. Ta gaya masu ba a zuba ruwan buta a ƙasan jirgi, ba a hura gawayin shayi komai kwaɗayi. Ta tambayi kowa a keɓe, da wa kake jin kunya cikin ayarin nan, ta koya masa yadda zai roƙi a canja masa kujera. Sai babban darasi. Ta ba kowa moɗa cike da ruwa ya shanye a gabanta. Sannan ɗaya bayan ɗaya, babba da yaro, mace da namiji, sai ka miƙe gaban kowa, ka bi hanyar nan tsakanin bencuna, ka shiga kewayen zana, ka ja sakata, ka fito. Ranar farko ana dariya ana sunkuyar da kai. Kafin mako ya zagayo ba mai ɗaga ido ya dubi wanda ya tashi. Kunyar ta ƙare a Dakoro, inda ba ta kashe kowa.

Hajiya, ke ce kika gane cewa mutuncin tsoho abu ne da ake lallaɓawa, ba a yi masa tsawa. Ke ce ba ki taɓa ce wa ɗan ƙauye jahili ba, ko da ya ɗaura santir a wuya. Uwar maniyyata, mai jirgin da ba ya tashi amma ya kai mutane Makka lafiya.

Bara ta kwanta ciwo daidai lokacin shiri. Ayarin garin Mai Yara ya wuce bai biyo ta rumfa ba. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Hamsatu, wadda ta yi shekaru tana kiwon tumaki don wannan tafiya. Ta yi irin dabarar dattijon can. An sauko da ita daga jirgi a kan gadon marasa lafiya, kwanakin hajjinta a gidan likita ta yi yawancinsu. Ta dawo da rai, amma in ka ce mata Hajiya sai ta kawar da kai. Wannan ya faru jiya-jiya, a zamanin da kowa ke da salula a aljihu. Me muka yi? Mun ce Allah ya kiyaye gaba, muka tashi.

Bana, ranar darasin ƙarshe, ina cikin rumfar. Cikin maniyyatan akwai Intalla, wani dattijon Buzu daga wajen Roumbou, dogo, da rawaninsa har bisa hanci, kuma mijin 'yarsa na cikin ayarin. Da layi ya zo kansa sai ya zauna kamar an dasa shi.

"Intalla, tashi," in ji Hajiya Ma'u.

"Ni ba ni jin komi, Hajiya."

"Ka sha moɗa guda gabana. Ko cikinka salka ce?"

"Raƙumina yana kwana bakwai bai sha ba."

"To raƙumin za mu ba fasfo, kai ka zauna gida."

Rumfa ta ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi gefen da surukinsa yake, ya dubi ƙasa. Sai ta dafa benci ta miƙe da ƙyar, ta je kusa da shi, ta yi masa magana da Buzanci a hankali. Daga baya ta gaya mani labarin dattijon can ta ba shi, ta kuma faɗa masa sunan rijiyar da yake shayar da dabbobinsa. Intalla ya san rijiyar. Ya ja rawaninsa sama, ya miƙe, ya bi hanyar nan a tsaye kamar mai zuwa gaban alƙali. Muka ji ƙarar sakata.

Da aka gama ta ce tana da magana. Manyan gari sun zo sallama, akwai alhazai, akwai malaman lakwal, akwai ma'aikata.

"Wanga shi ne na ƙarshe gare ni," ta ce. "Ƙafa ta ƙare, ido ya tafi. Ban iya ganin wanda ya ɗaura daidai da wanda bai ɗaura ba. Ga santir. Wa zai karɓa?"

Ta ɗaga shi sama. Wani attajiri da ya je Makka ba sau ɗaya ba, Elhaji Ɗayyabu, ya gyara murya.

"Hajiya, aikinki sai Allah. Aljanna ce sakamakonki."

"Amin, Elhaji. Santir ɗin fa?"

"Ai yanzu zamani ya canja, 'yar uwa. Masu ajans ɗin jigilar alhazai a Yamai suna yin bayani. Ga shi ma duk yana cikin salula."

"Salula za ta tashe ka gaban surukinka?"

Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha, aka watse. Hannunta na sama har mutum na ƙarshe ya sa takalmi. Sannan ta laluba ƙusa ta mayar da shi.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mani rai da garin nan. Mun iya yabo. Yabo ba ya cin lokacin kowa, ba ya hana mutum zuwa kanti. Muna zama muna kukan kamfanin jirginmu da ya mutu, muna cewa da muna da jirgi mai bene, yau sai mun ratsa ƙasar wasu kafin mu je ƙasar maƙwabcinmu. Gaskiya ne, kuma da zafi. Amma babu ɗan Dakoro da zai iya tayar da jirgi mai injin huɗu daga inda aka jefar da shi. Abin da ya rage mana daga wancan zamani gaba ɗaya, wanda ke da rai yana aiki, shi ne rumfar nan da matar nan. Shi ma muna tsaye muna kallo yana mutuwa, muna yi masa addu'a, kamar yadda aka tsaya aka kalli kamfanin. Mu da muka yi lakwal mun fi kowa laifi. In taron bita ne a otel a Maraɗi, kan wayar da kan jama'a, sai mu cika mota. A zo a ba tsoho moɗar ruwa a raka shi bakin zana, wannan ya yi mana ƙanƙanta.

Intalla ya dawo bayan babbar salla. Kafin ya wuce Roumbou ya tsaya ƙofar gidanta da dabino da 'yar gorar zamzam. Ba ta gane shi ba sai da ya yi sallama.

"Alhaji Intalla, ka sha ruwa?"

"Na sha, Hajiya. Na tashi kuma. Zuwa da dawowa."

"Gaban surukin?"

"Shi ya nuna mani ƙofar."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sai ya dubi ginshiƙi ya ga santir inda yake.

"Ba wanda ya ɗauka?"

"Ba kowa."

"Baɗi ƙanwata za ta tafi," ya ce. "Ta fi ni kunya."

Hajiya Ma'u ta juya fuskarta wajen bencuna.

Hajiya Ma'u, mun gode. Mun gode saboda iyayenmu da suka je suka dawo da ƙafafunsu, ba su ma san abin da kika tsare masu ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da hasken ido, ya sa ruwan da kika shayar ya tarbe ki ranar ƙishirwa.

Ku kuma 'yan uwana, na sake tambayar ta abin da take bukata. Ta ce ba ta neman lambar yabo, ba ta neman a sa wa titi sunanta. Mutum biyu take so, mace da namiji, waɗanda suka taɓa hawa jirgi ko sau ɗaya, masu haƙuri da tsofaffi. Ita za ta zauna a kujera tana ji tana gyarawa, in Buzanci ko Fulatanci ya tsaya ta karɓa. Ƙafa da ido kawai take son a ara mata. Dakoro cike take da alhazai da hajiyoyi masu jini a jika, da malamai, da ma'aikatan likita. Ko ka yabe ta ko ba ka yabe ta ba, ƙanwar Intalla za ta hau motar Yamai baɗi, kuma tun kafin ta hau za ta ture ƙwaryar ruwa.

Rumfar tana bayan kasuwar dabbobi, kowa ya san ta. Gobe da safe ma Hajiya za ta share ta. Santir yana kan ƙusa, ginshiƙi na farko in ka shiga, kuma bai yi nisan da hannu zai kasa kaiwa ba.