Ƙarar da Ta Riga Auta Isowa

Motar ja ce, kujerarta biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa. Ƙanena ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, a shekarun nan da kuɗin fetur ya fara shigowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane ɗan boko ya fara jin kansa. Shi ne autanmu, Auta muke ce masa, yana aiki a ofishin gona a Birnin Kudu. Ni ce babbar yayarsa. Mijina ya rasu, na dawo gidan mahaifinmu a wani ƙauye da ke bayan Sara, a ƙasar Gwaram, ina kula da tsohon. Ranar da na fara ganin motar na zagaye ta, na leƙa ciki, na ce, "Auta, wannan ta ɗaukar me ce? Ko buhun dawa ba zai shiga ba." Ya ce, "Yaya, ba ta kaya ba ce, ta gudu ce." Na ce to sannu, mai gudu, wa ya biyo ka?

Mahaifinmu malami ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Idonsa ya tafi tun Auta bai fara gemu ba. Karatun bai tsaya ba, don littattafan suna kansa, magidanta suna zuwa zaure su karanta yana gyara musu. Ni Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Duk sanda Auta ya zo, Malam sai ya sa shi ya durƙusa, ya shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ya ce ya rame ko ya yi ƙiba. Wata rana yana cikin shafawar ya ce, "Auta, abu ɗaya nake roƙonka. Idon nan da ya daɗe bai gan ka ba, ranar da zan tafi kai za ka rufe shi. Ba baffanka ba, ba yayarka ba, kai." Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Allah ya ja da rai. Malam ya ce shi ba addu'a ya tambaya ba, alkawari ya nema. Auta ya ɗauka, ina tsaye ina ji.

To tsakaninmu da hanyar mota akwai rafi. Da damina ruwa ne, da rani kuma yashi ne mai zurfi, sannan in ka fito daga yashin akwai hawa mai tsauri kafin ka kama hanyar gari. Amalanken shanu na haye shi, jaki ko a jikinsa. Motar Auta kuwa, da ke cinye kwalta daga Birnin Kudu kamar ba ta taɓa ƙasa, tana zuwa nan sai ta zama abin tausayi. Ta kafe, ya taka, ta tona, wani wari ya tashi kamar ana ƙona ƙaho. Ya ce min warin kuloci ne, wato abin da ke haɗa ƙarfin injin da taya. Sai mutanen gari sun fito sun tura shi, ya iso gida da yashi har cikin kunne.

Ana haka wani abokin aikinsa da ya je kwas a Ingila zai dawo. Lokacin jiragen ruwa sun yi cunkoso a Ikko, in ka yi odar abu sai ka manta da shi kafin ya zo, don haka duk mai son kayan mota a hannun matafiyi yake sa a riƙo masa. Abokin ya ce ƙarfe nauyi gare shi, abu ɗaya kawai zai iya ɗaukowa. Bakaniken da ke duba motar a Birnin Kudu ya ba Auta zaɓi biyu, shi kuma ya kwaso zancen ya kawo mana gida, ya zauna a tabarmar Malam yana ta bayani da hannu, ya manta wanda yake yi wa ba ya gani.

Na farko, in ji shi, bututan salansa ne, amma ba na baya da muke gani ba, na gaba waɗanda ke fitowa daga jikin injin. Na motar a haɗe suke wuri guda, hayaƙi na turereniya kafin ya fita. Sababbin kuwa kowane fistin, wato inda man ke ƙonewa a cikin injin, da nasa bututun, injin zai yi numfashi sosai, in aka hau kwalta aka taka sai dai a ga wucewarta. Kuma za ta yi murya. Na biyu giya ce, ba wadda direba ke sawa da hannu ba, wata ce a cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. In aka sauya ta, motar za ta rage gudu a kan kwalta, amma za ta sami ƙarfin ja daga tsaye, ta bi yashi a hankali, ta hau hawa ba sai an ƙona kuloci ba.

Na ce, "Yo wannan har abin shawara ne? Ina za ka da gudu? Kai da ko ƙofar gidan ubanka ba ka iya kaiwa sai an tura ka! Ka sayi giyar."

Malam ya gyara zama, ya ce, "A'uzu billahi. Uwata, a gidan nan, a kan buzuna, kike ce wa ɗana ya sayi giya?"

Auta ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. Ni ma sai da na murmusa, amma raina bai so ba, don na san Malam, in ya fara da wasa to akwai magana a ƙasa. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Auta, muryar da ka ce za ta yi, daga ina za a riƙa jin ta?" Auta ya ce ai tun daga hayin rafi, ƙila ma tun kafin nan. Malam ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ku kuna hango baƙonku tun daga nesa, ku yi murna kafin ya iso. Ni sai an yi sallama a kaina nake sanin an zo. Ko sau ɗaya ina so in riga yayarka sanin zuwanka."

Wallahi na ji maganar har cikin ƙashina. Amma ban bari ba. Na bi Auta har bakin mota, na ce, "Kai ne mai ido, kai ne ka san rafin nan. Malam daɗin kunne yake nema, ni kuma isowarka nake nema. Kar ka biye masa." Ya ce, "Yaya, ai ana tura ni." Na ce ranar da babu masu turawa fa? Ya ce in daina mugun baki. Na san abin da ke ransa. Dama can bututan yake so, yana so 'yan ofis su ji wucewarsa, sai ga Malam ya ba shi hujja da bakinsa. Bututan aka kawo.

Ba zan yi ƙarya ba, Malam ya ji daɗinsu. Ranar Asabar muna zaune sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Uwata, dama fura." Ni ban ji komai ba tukuna. Sai can in jiyo ta, wani ruri mai kauri daga nesa, yana hawa yana sauka. Kaji su watse, jakuna su ɗaga kunne, tsofaffin gari su yi tsaki, shi kuwa Malam baki har kunne, yana gaya wa masu karatu, "Yanzu ya baro Sara. Yanzu ya sha kwanar tsamiya. Ga shi a rafi." Daga nan sai ya tura su su je su turo shi. A yashi babu abin da ya sauya, sai ma abin da ya ƙaru, don ƙarfin bututan ba ya zuwa sai injin na ihu, shi kuma yashi ba ya son ihu, lallaɓawa yake so. Duk zuwa sai na yi masa gori, duk zuwa sai ya ce in an sami wani mai tafiya za a kawo giyar. Ba a samu ba, ko kuma bai nema ba, oho.

Da bazara ciwo ya kwantar da Malam. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, abinci ya ƙi shiga. Da muka ga abin ya yi tsanani, baffanmu, ƙanen Malam, ya ba wani direban babbar mota saƙo a Sara, ya gaya wa Auta ya zo ko me yake yi. Washegari ranar kasuwa ce. Duk wani namiji mai ƙarfi a garin ya tafi tun da safe, masu karatun ma sun tafi, don babu wanda ya zaci ranar ce. Daga ni sai Baffa, shi ma tsoho ne mai dogara sanda, sai matan maƙwabta a tsakar gida.

Bayan azahar, rana na dukan ƙasa, Malam da tun safe bai yi magana ba ya ɗaga yatsa. Ya ce, "Ga Auta nan." Na kasa kunne, na jiyo ta. Ban taɓa jin ya taho da irin wannan gudun ba, rurin a miƙe yake babu sassautawa. Malam ya ce in gyara masa hula. Na gyara. Ya ce, "Ya sha kwanar tsamiya." Sai muryar motar ta sauya, ta yi sama, ta tsaya a wuri ɗaya.

Na san abin da ya faru, Baffa ya sani, Malam ma ya sani. Ta yi ihu, ta sauka, ta sake yin ihu. Ƙarar ta cika ɗakin kamar motar na bakin zaure, amma ba ta matso ko taku ɗaya ba. Na fito tsakar gida kamar mahaukaciya, na ce wa matan su ruga su ce masa ya bar tsinanniyar motar ya taho da ƙafa. Biyu suka zari mayafi suka fita, amma rafin da nisa, ga rana, ga su da goyo. Na koma na zauna na riƙe hannun Malam. A raina ina zagin Auta, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwana ba. Ka fito mana! Ƙafarka aka sare? Ashe shi a can, kamar yadda ya gaya min daga baya, cewa yake saura kaɗan ta fita, kuma yana tsoron in ya kashe ta Malam zai ji shiru ya ɗauka ya fasa.

Malam na ta cewa, "Yana nan. Ina jin sa." Leɓɓansa na motsi, yana salati, in ƙarar ta tashi sai ya ɗan matsa min hannu. Haka muka yi ta yi, ban san iya tsawon lokacin ba. Sai ta yi wani ihu na ƙarshe, ta ɗauke ɗif. Kulocin ne ya ƙone gaba ɗaya.

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Malam ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Uwata, ya juya ne?" Na ce, "A'a Malam, da ƙafa yake tahowa, yanzu za ka ji shi." Ban san ko ya ji ni ba. Baffa ya matso ya riƙa maimaita masa kalmar shahada, ya karɓa, ya sake karɓa a hankali, daga nan rai ya yi halinsa.

Idanun a buɗe suke, farare, suna kallon ƙofa. Baffa ya yi salati, ya miƙa hannu zai rufe su. Na riƙe hannunsa. Ban taɓa yi wa Baffa musu ba tun da aka haife ni, amma ranar na ce, "Baffa, kar ka taɓa." Ya ce, "Ke, sunna ce a gaggauta, in jiki ya sandare ba za su rufu ba." Na ce na sani, amma akwai mai su, kuma yana hanya. Ya ce ba ni da hankali. Na ce na yarda. Na zauna tsakaninsa da gawar, na ɗauki mafici ina korar ƙuda daga idon ubana, ina kuka, ina jin haushin kowa, har da shi mamacin da ya zaɓi ƙara.

Auta ya faɗo ɗakin ba sallama, ba takalmi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hannuwansa baƙi ƙirin da man inji da yashi, tafin ya sale saboda tonon ƙarƙashin taya da ya yi ta yi, bayan hannun kuma ga ƙunar bututun nan da ya taɓa. Ya kalli Malam, ya kalle ni. Ya ce, "Yaya, ya ji ni?" Na ce, "Ya ji ka. Garin nan kaf an ji ka."

Ya durƙusa inda ya saba durƙusawa a shafa masa fuska. Ya dubi hannuwansa, ya ce a ba shi ruwa ya wanke. Na ce, "Babu sauran jira, Auta. Ya jira iya jiransa. Rufe haka." Ya sa babban yatsa ya ja fatar idon dama, ta ɗan ƙi, ya danne ta har ta zauna. Ya yi wa na hagu haka. Da ya ɗauke hannunsa, kowane ido da baƙin shatin yatsansa a kai.

Da la'asar mutane suka dawo daga kasuwa, aka shiga da Malam wanka. Muna zaune a tsakar gida, ni da Auta, sai mai wankan ya leƙo ya ce a ƙaro masa sabulu.