Mai Hujja da Littafin Ƙanwarsa

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Mai Hujja, kuma laƙabin ya bi shi har ya danne sunan da iyayensa suka raɗa masa. Malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, dogo, siriri, kullum da ɗigon jar tawada a aljihun rigarsa. In yaro ya tashi a aji ya ce wane jarumi ne, sai ya zare tabarau ya ce, "Ina hujjarka?" Ko matarsa ce ta leƙa waje ta ce yau za a yi ruwa, tambayar da za ta sha ke nan.

Shi ne ɗan fari a gidan wani kafinta. Shagon uban rumfar kwano ce a ƙarshen layin masu walda: dogon tebur da ya sha sara, zarto iri-iri a rataye, ƙusoshi cikin gwangwanayen madara, garin katako kuwa har idon sawu. Yawancin bencinan makarantun unguwar daga hannun tsohon suka fito. Mutum ne marar yawan magana, fensir a bayan kunne, in ya ce maka "to" ya gama zance. Garin katakon nan ne ya raba shi da ɗansa, don yaron ko ƙofar shagon ya taka sai tari ya sarƙe shi. Aka tura shi makaranta, ya riƙe littafi, ya yi gaba.

A jami'a ya faɗa wa ilimin rubuta tarihin rayuwar mutane. Nan ya tarar malamai sun daɗe suna jayayya: shin wannan rubutu reshen tarihi ne, ko ɗan gidan adabi ne? Wasu suka ce in ba ka ƙawata ba, gawa ka kawo wa mai karatu. Wasu suka ce da zarar ka sa wa mamaci maganar da ba ka ji da kunnenka ba, ka yi masa ƙazafi. Mai Hujja ya bi na biyun ido rufe. Yakan ce, "Mai rubuta rayuwar wani shaida ne, ba maroƙi ba." Wani abu kuma da ya yarda da shi, shi ne ba manya kaɗai ke da tarihi ba. Don haka tun bai yi aure ba ya shelanta wa dangi cewa zai rubuta rayuwar Baba.

Ya sayi rikoda. Yakan ajiye ta a kan teburin shago, ya toshe hanci da hankici, ya fara.

"Baba, wace shekara ka buɗe shagon nan?"

"Shekarar da na buɗe shi."

"Wa ya koya maka aikin?"

"Wani mutum."

"Yaya sunansa?"

"Ya rasu. Miƙo min gudumar can."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Mai Hujja ya tara kaset da takardu cike da kwalaye a ƙarƙashin gado, littafi kuwa ko shafin farko bai samu ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Bincike ba a yi masa gaggawa."

Autar gidan ma'aikaciyar jinya ce. An haife ta ne yana gab da shiga jami'a, saboda haka a idonsa ba ta wuce yarinyar da yake goyawa a keke ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon, ita ce ke zuwa in ta tashi daga asibiti, ta wanke masa gyambo, ta matsa masa gwiwa da man zafi, ta yanke masa farce. Mai Hujja ma yana zuwa, ya zauna a kujera ya yi gaisuwa, ya tambayi abin da likita ya ce, ya tafi.

Bayan rasuwar Baba da shekara biyu, dangi na zaune a tsakar gidan Inna, sai mijin Auta, wani mai kantin magani da dariya ba ta yi masa wuya, ya ciro ɗan littafi daga jaka ya ɗora wa Mai Hujja a cinya.

"Yaya, ga aikin ƙanwarka. Ɓoye mana ta yi ta yi."

Littafin bai kai kaurin yatsa ba. Hoton Baba ne a bango. Mai Hujja ya ɗauki littafin. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Madalla," da muryar da ko shi bai gane ta ba.

Washegari a ɗakin malamai ya zauna da jan bironsa. Bai yi nisa ba ya kama kuskure: gobarar da ta ci rumfar farko, Auta ta kai ta shekarar da ba ita ba ce. Ya zagaye wurin, ransa ya ɗan yi sanyi. Amma da ya ci gaba sai biron ya tsaya. Ga Baba yana saurayi ya gudu daga wurin ubangidansa, ya kwana a bayan motar katako. Ga kujerar farko da ya haɗa ta wargaje da wani ƙaton ɗan kasuwa a bainar jama'a. Ga shi yana tsoron kare kamar ransa. Ga shi yana dariya har da hawaye yana ba Auta labarin yadda Inna ta ƙi shi da fari saboda kunnuwansa.

Dariya! Mai Hujja ya lalubi ƙwaƙwalwarsa kaf, bai tuna ranar da tsohon ya yi dariya da shi ba. Wannan ya fi masa littafin ciwo. Shi aka fara haifa, shi ya yi karatun abin, shi ya yi ta jigila da rikoda, amma sai aka buɗe wa mai man zafi ƙofa aka bar shi a waje.

Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Aka shiga karanta littafin a rediyo. Mai gyaran babur ɗinsa ya ce masa, "Malam, ashe kai ne yayan marubuciyar nan?" Ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

Matarsa ta ce, "Malam, kishi kake yi da Auta."

"Ina hujjarki?"

"Ga ta nan ta huce a kwano."

Ana haka shugaban makarantarsu, wanda ya yi karatu a kan bencin tsohon, ya ce a zauren makarantar za a ƙaddamar da littafin, kuma ba wanda ya dace ya yi sharhi sai babban ɗa, masani. Mai Hujja ya karɓa hannu biyu.

Ranar zauren ya cika. Masu walda, tsofaffin yaran shago, 'yan jinya cikin fararen kaya, Inna a sahun gaba. Ya hau mumbari ya fara da ma'anar tarihin rayuwa. Ya bambanta shi da yabo, ya bambanta shi da tatsuniya. Ya yi bayanin haɗarin marubucin da ke son wanda yake rubutawa fiye da kima. Mutane suka soma hamma. Sannan ya ɗaga littafin da yatsu biyu.

"Wannan, a ma'aunin ilimi, ba tarihi ba ne. Hira ce. Shekarar gobara ba daidai ba ce. Maganganun da aka sa a bakin marigayi, wa ya naɗa? Wa ya shaida?"

Kawunsu, ƙanin Inna, ya miƙo hannu ya ja masa gefen riga, ya ce a hankali amma kowa ya ji, "Kai, ƙanwarka ce fa." Auta ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta. Da aka ba ta dama, cewa kawai ta yi, "Na gode, Yaya. Za a gyara shekarar." Aka tafa mata tafin da ya fi ƙarfin maganar, shi kuwa ya san da wa ake.

Da yamma Inna ta aika a kira su ɗakinta. Tana zaune a bakin gadon da tsohon ya haɗa mata da hannunsa. Auta ce ta riga buɗe baki, idonta jawur.

"Yaya, me na yi maka?"

"Kin san aikina ne. Duk gidan nan an sani."

"Shekara nawa muna jira? Ni ban zauna don in yi littafi ba. Kewarsa ce ta dame ni, na rubuta abin da ya gaya min."

"Me ya sa ke ya gaya miki?"

Tambayar ta kuɓuce masa ne. Auta ta share hanci ta ce, "Ya ce in ka ajiye na'urar nan, ji yake kamar yana gaban alƙali. Tsoro yake kada ya faɗi abu ba daidai ba ka gyara masa."

Inna ta ce, "Ku tashi ku ba ni wuri. Mutum yana kwance a makwancinsa kuna ja-in-ja a kansa kamar gado. Kai kuma babba, ka ji kunya."

Ya ji kunyar, amma ba ta kashe kishin ba. Kishin ne ma ya yi masa abin da ilimi ya kasa. Hutun makaranta na zuwa ya jawo kwalayen nan, ya hau mota zuwa garin da Baba ya koyi aiki. Ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, wannan karon rikodar na cikin jaka, shi kuma yana zuba musu shayi. A can wani tsohon maƙeri ya nuna masa hoto: samari biyu masu manyan kunnuwa a gaban wata rumfa. Ashe Baba yana da wa, tare suka gudu, tare suka fara sana'a, zazzaɓi ya ɗauke wan suna tsakiyar haɗa wata ƙofa. Tun daga ranar tsohon bai ƙara ambaton sunansa ba, ko ga Inna.

Littafin Mai Hujja ya fito bayan ya yi ritaya, mai kauri, kowane shafi da jerin madogara a ƙasa. Da kansa ya kai wa Auta asibiti. Bayan kwana kaɗan ta zo gidansa ko zama ba ta yi ba, yatsanta a cikin littafin.

"Bai taɓa gaya min yana da wa ba."

"Ai ba komai ake faɗa wa yara ba."

"Ni da na yi ta jinyarsa!"

Ya dube ta, ya gane ciwon, don ya san shi ciki da bai. Ya so ya tausaya mata, ya kuma tausaya ɗin, amma wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya ce wa matarsa ta kawo wa Auta lemo mai sanyi.

Littafinsa bai yi kasuwa ba. Ɗaliban jami'a ne kaɗai ke nemansa, su ma aro suke yi. Na Auta kuwa aka yi ta sake bugawa, da shekarar gobara a gyare. Zumuncinsu ya koma daidai, ita ke auna masa hawan jini, shi ke duba wa 'ya'yanta aikin makaranta. Amma har ƙarfinsa ya ƙare, duk sanda ya bi ta kantin littattafan bakin tasha sai ya shiga, ya yi kamar yana duba wani abu, ya ɗauki nasa ya ɗora a kan nata. Mai kantin yakan bari sai ya fita da sandarsa, sannan ya mayar da kowanne wurinsa.