Teburi Mai Baki Kamar Tire

Tun ranar da ɗiyata ta fara rarrafe abinci ya daina yi mini daɗi. Babanta gyaran fanka da bilenda yake yi a garejin gidan da muke haya a nan Zango. An sayar da motar gidan tun kafin a kawo ni, sai Hajiya mai gidan ta bar masa wurin. A tabarma yake zama ya baje kayan aiki, ƙananan sukuru kamar ƙwayar shinkafa ko'ina. Ita kuwa yarinyar, duk abin da hannunta ya taɓa baki yake nufa. Ina wanka ina tunanin sukuru. Ina sallah, Allah ya yafe mini, ina tunanin sukuru. Wata safiya na sa yatsa a bakinta na zaro noti guda, ya jiƙe da yawu, tana yi mini dariya da haƙoranta biyu.

Na ajiye masa a tafin hannu na ce, "Malam, ko ka yi teburi, ko in kai ta Buokrom wurin Mmata sai aurenta ya tashi."

Ya ce, "Kin san abin da kafinta zai caje ni?"

Na ce, "Wa ya kira kafinta? Hannuwan nan naka na ado ne?"

Yayata tumatir take sayarwa a kasuwar Race Course. Ta tara mana akwatunan da suka fara sakin jiki, katakonsu kuwa mai kauri ne. Muka ɗauko su a aboboya, keken nan mai ɗaukar kaya, ni a can sama da goyo ina ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Hajiya ta leƙo ta ga abin da muke yi, ta ba mu tsohon gadonta na katako mu yi ƙafafu da shi.

Ni na yi awon tsayi. Na tsayar da yarinyar, na miƙe hannunta sama, na ƙara taƙi biyu. Malam ya ce ai wannan sai dai ya yi aiki a tsaye. Na ce Allah ya ba shi ƙafa. Na cire tsofaffin ƙusoshi ina miƙe su a kan dutse, shi yana yanka da zarto. Ya gicciya katako biyu a tsakanin ƙafafun, ya ce su ne za su hana shi rawa. Kwana biyu garejin na warin tumatir.

Da muka gama, Hajiya ta zo gwaji. Mace ce, masha Allah, mai jiki. Ta ce, "Ku ɗora ni. In ya karye ku biya ni ƙashin bayana." Muka ɗora ta da ƙyar. Ta girgiza, ta yi tsalle a zaune, teburi ko ƙara bai yi ba. Ni ma na haye gefenta muna lilo da ƙafa, ina guɗa, Malam yana cewa mu sauka mutane na kallo. Na yi dariya har hawaye.

Sai ya zuba sukuru a kai zai fara aiki. Ina kallo suka kama hanya, ɗaya bayan ɗaya, suka gangara gefen ƙofa suka zube ƙasa, daidai inda yarinyar take zaune. Ban san lokacin da na sure ta ba.

Ya auna ƙafafun har sau uku, duk tsayinsu ɗaya. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ni kuwa ni nake wanke garejin, na san ruwa ba ya kwana a ciki, ƙofa yake bi ya faɗa gota. Na ɗauko lemun tsami na ajiye a ƙasa. Lemun ya mirgina da kansa har waje.

Na ce, "Malam, teburinka lafiya lau. Ƙasar ce a karkace, don wankin mota aka yi ta."

Hajiya ta tafa hannu. "Ei! Ga injiniya a gida kana neman awo!"

Muka buga guntun katako a ƙasan ƙafafu biyu na wajen ƙofa. Na ɗora kwano cike da ruwa a tsakiya, yadda nake duba zaman tukunya a murhu, yana ƙara katako ina cewa saura kaɗan, har ruwan ya daidaita da bakin kwano. Duk da haka raina bai kwanta ba. Na sa ya yi wa teburin baki zagaye, kamar na tiren da ake tallan gyaɗa. Na zuba sukuru da kaina, na bugi teburin da ƙugu. Ko ɗaya bai faɗo ba. Ranar na ci wake da shinkafa kwano biyu.

Yanzu tana tafiya. Takan tsaya ƙarƙashin teburin ta miƙa hannu, saura taƙi ɗaya da rabi, kullum ina aunawa.

Don Allah, in ana aikin ƙananan ƙarafa a gidanku kuma akwai mai rarrafe, ku yi wa teburin baki. Kafin ku buga ƙusa ko ɗaya, ku ajiye lemun tsami a ƙasa ku ga inda zai nufa.