Hanyar Takarkari

Duk rijiyar da ke tsakanin Korahane da kwarin Tarka, in ban shiga cikinta ba to ba a haƙa ta ba tukuna. Ni ne Sanda mai yasar rijiya. Na sha gaya wa mutane a Dakoro cewa akwai wadda na fara sauka ranar Talata ban taɓa ƙasanta ba sai Alhamis, na iske mutanen wata ƙasa suna ɗibar ruwa ta can gefen. Nakan ce kuma tun da aka haife ni tsoro bai san hanyar gidanmu ba. Wannan ta ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta. Akwai ranar da na yi fitsari a cikin ruwan da garinmu duka ke sha, ina kiran Inna kamar ɗan yaye.

Shekara talatin ke nan da ɗoriya, lokacin da arewa ta rikice. Ƙauyenmu yana arewa da Korahane. Gida ashirin ne da rijiya ɗaya ta siminti, zurfinta gaba talatin da biyu. Bazara ce, rairayi ya cike gindinta, mai gari ya ce a yashe.

Aikin gado ne. Baba ya koya mana shi kafin ya rasu: ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Na sama ba ya barin bakin rijiya muddin akwai mutum a ciki, ko salla ce sai ta jira. Yayana Lawali ne na sama, don shi ƙato ne. Ni a lokacin siriri ne kamar karan hatsi, wanda ya ga tumbina yau ba zai yarda ba. Igiya kuma takarkari ke janta, san wani tsoho Bafillace mai suna Jaɓɓo. Sa yana tafiya, igiya na gudu a kan icen da ke bisa gwafa, kaya na hawa. Tsawon hanyar san daidai da zurfin rijiyar, da turke a ƙarshenta.

Tun asuba muka kwashe ruwan da wasaki, babban gugan fata, har ya koma idon sawu. Mun san lokacinmu. Ruwa yana dawowa a hankali, in rana ta take tsaka ya isa ya shanye mutum a tsaye.

Ƙarfe bakwai Rakiya matar Lawali ta kawo mana fura. Ni da ita ba ma haɗuwa ba tsiya. Ta ce in rijiya ta haɗiye ni yau gidan ya huta, don tiyar hatsi ta tashi daga dala talatin ta koma hamsin, rabin ta kuwa cikina take shiga. Na ce ta fara haɗa kayanta, ranar da na yi kuɗi zan karɓe ta daga hannun yayana. Lawali bai kula mu ba. Yana ta mitar pil, wato batirin rediyo, da ya saya a kasuwar Dakoro, biyu kuɗin huɗu. Sukari ma haka. Raƙumi kaɗai ya faɗi, don masu shi suna sayarwa da sauri kafin a ƙwace.

Bakwai da rabi na sauka.

Lawali ya rataye rediyon a gwafa don in riƙa ji. Ƙarfe tara aka yi labaru da Hausa. Aka ce manya sun zauna, ana maganar sulhu. Bayan labaru aka sa kiɗan 'yan kokowa. Ina cika wasaki da laka ina jin Lawali da Jaɓɓo suna gardama a kan ko ɗan Maraɗi zai ka da ɗan Tawa bana. Na ɗaga murya na ce ni zan ka da su biyun da hannun hagu. Jaɓɓo ya leƙo ya zage ni da Fillanci.

Tara da rabi na ji mota. A cikin rijiya ba da kunne ake fara ji ba, bango ne ke rawa a bayanka. Mota biyu ne. Suka tsaya ba su kashe inji ba.

Harbin farko ya yi kamar an bugi ƙyaure da sanda. Sau uku. Sai babbar bindigar da ke bisa mota ta ɗauka. Garin siminti ya riƙa zubo mini a ka. Shanu suka watse, ƙasa ta ɗauki rawar kofatansu. Na ji muryar Jaɓɓo yana roƙo, yana faɗin sunan sansa. Aka yi harbi ɗaya. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma.

Wani abu ya toshe hasken sama. Na manne da bango. Akuya ce aka harba a bakin rijiya, ta faɗo gaba talatin da biyu ta sauka a kafaɗata ta dama. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ruwan ya yi ja.

Kan Lawali ya leƙo.

“Yi shiru!”

Ya ɓace.

Rediyo bai daina kiɗa ba. Ana harbi, ana kuka, shi kuma yana kirarin 'yan kokowa. Wajen ƙarfe goma wani ya cire shi daga gwafa. Na ji kiɗan yana nisa, yana nisa, ya nufi cikin gari. Daga nan ba ni da agogo sai rana da ke saukowa a jikin bango, da ruwa da ke hawa a jikina.

Ruwa a gwiwa. Warin hayaƙi ya sauko. Rumbuna ne, na gane da yadda hatsi ke fashewa a wuta. Wata mace tana kiran ɗanta, suna ɗaya, ba ta canzawa. Na gwada hawa igiya da hannu ɗaya. Na yi gaba biyu na zamo.

Ruwa a kwankwaso. Harbin ya koma ɗai-ɗai, da tazara tsakani. Wannan ya fi na farko muni. Kowane ɗaya sai in ba shi suna a raina. A nan ne na jiƙa wando, a nan na fara kiran Inna.

Abin da ke faruwa a sama ban gan shi ba. Rakiya ce ta gani, tana kwance cikin sabara a kan tudun yamma, ita da jaririnta da Inna. Mutanen sun kora dabbobi, sun tafi da takarkarin. Suka yanka rago a ƙarƙashin aduwar bakin gari, taki ɗari biyu daga rijiya, suka zauna gashi. Har yau ban san ko 'yan tawaye ne ko ɓarayin da suka ari sunansu ba. Lawali yana kwance a cikin komin shayar da dabbobi, tsakanin matattun tumaki. Rakiya ta ce sau biyu ta ɗaga masa gyale ya zo. Da rarrafe zai isa tudun ba wanda ya gan shi. Bai motsa ba. Yana jiran su tafi. Ba su tafi ba.

Rana ta sauko har ta taɓa ruwan. Tsakar rana ke nan. Ruwa yana haɓata, akuyar tana yawo tana gogar fuskata.

Muryar Lawali ta sauko daga sama: “Ɗaure!”

Na zarga igiya a ƙarƙashin cinyoyina da hannun hagu da haƙori. Sannan na nutse na laluɓo dagin Baba, ƙarfen da muke sarar laka da shi, mai tsawon ƙafar mutum. Na soke shi a ɗamarata. Mai yasa ba ya barin ƙarfensa a ƙasa. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Igiya ta miƙe. Na rabu da ruwa.

Jan sa santsi ne da shi, ba ya tsayawa. Wannan jan da fizga yake zuwa. Taki, tsayawa. Taki, tsayawa. Ban yi gaba uku ba na gane wane ne a bakin igiyar. Ya ɗaura ta a ƙugunsa, ya bi hanyar takarkari, a tsaye, a fili, ba itace ba inuwa. Ba ya iya gudu. Ba ya iya kwanciya.

Ina ƙirga gaɓoɓin siminti. Goma. Goma sha biyar. Ashirin.

Wata baƙuwar murya daga nesa: “Kai! Tsaya!”

Harbi. Na faɗo gaba ɗaya cur, igiya ta ci cinyata, na daki bango. Na tsaya ina lilo. Na ƙirga numfashi bakwai. Igiya ta sake motsi.

Yanzu ba taki ba ne, kamu-kamu ne. Harbi na biyu. Dariyar wani. Igiya ta yi rawa ba ta sauka ba. Ta ci gaba. Haske ya cika mini ido. Na kai hannun hagu na kama gwafa, na mirgina waje.

Yana can ƙarshen hanya, a durƙushe. Ya naɗe igiyar a turke sau uku, ya ɗora ƙirjinsa a kai. Bayansa duka jini. Daga tsakiyar hanya zuwa turken sawun gwiwa ne a cikin rairayi. Jaɓɓo yana kwance a gefe da igiyar hancin sa a hannunsa.

Ban je wurin Lawali ba. Zan so in ce na je. Harsashi ya tayar da rairayi a gabana, na kwance ɗaurin, na ruga yamma da dagin a ɗamarata, ina faɗuwa ina tashi. Sun yi harbi huɗu ko biyar. Ba su biyo ni ba, namansu ya gasu.

A bayan tudu na iske mutum kamar ashirin, yawanci mata. Inna ta dube ni, ta dubi bayana. Muka yi kudu maso gabas, ba takalmi, rairayi kamar garwashi. Ƙarangiya ta cika mana ƙafa. Ba mu da ruwa ko na kurɓa ɗaya. Jaririn Rakiya ya yi kuka har muryarsa ta ƙare, sai na matse masa rigata a baki, ruwan rijiyarmu da jinin akuya. Wajen ƙarfe biyu muka ji motocin sun yi arewa. La'asar wata tsohuwa ta zauna ta ce a wuce. Muka ɗauke ta bi da bi. Da almuru muka shiga Dakoro. Jandarmomi suka sauke mu a ajin lakwal, makarantar boko, aka ɗaure mini kafaɗa a likita.

Washegari soji suka kai mu ƙauyen da kamyo, babbar motarsu. Muka rufe mutum takwas. Jaɓɓo. 'Ya'yan mai gari biyu. Liman da ƙanensa. Wata mai daka da goyonta. Igiyar da ke ƙugun Lawali ta ƙi kwantuwa, sai da wuƙa.

Rana ta uku masu gaisuwa suka cika filin lakwal. Bakina da ba ya iya zama ya fara. Ina gaya musu yadda na yi awa uku da ruwa a hanci, yadda harsashi ya aske mini gashi. Rakiya ta fito daga aji da mayafin takaba. Tun tudu ba ta ce mini kome ba. Dagin Baba yana jingine a bango. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta riƙe ɗan lokaci, ta mayar a hankali.

Ta ce, “Sanda, har da wannan ka sa shi ya ja?”