Akuyar Kirsimetin Inna Tani

Inna Tani mai wanki ce a asibitin Birnin Kudu. Ita da mijinta Barau Kirista ne. Sun taso daga wani ƙauyen Gwaram shekara biyu bayan samun 'yancin kai, suka kama ɗaki a unguwar da babu mai zuwa coci sai su. Mace ce mai son mutane, ga baki ga dariya. Abu ɗaya ke cin ranta: ana gaishe ta a bakin rijiya, amma ba mai leƙa gidanta.

Da Kirsimetin farko ta zo, Barau ya yanka akuya, Tani ta dafa shinkafa, ta kai kwano tara gida-gida da ƙafarta. Kafin la'asar duk sun dawo, ko loma ba a taɓa ba. Wayyo, ranar ta sha kuka har idanunta suka kumbura.

Maƙwabciyarta Hapsatu ce ta ji tausayi ta shigo.

"Ke Tani, ba ƙin ki ake yi ba. Wa ya yi yankan?"

"Maigidana mana."

"To, kin ji. Mu nan yankan malam muke ci."

"Au! Abin ke nan? Ai da kun faɗa mini!"

Da shekara ta zagayo, ta ja akuyarta har ƙofar Malam Hambali, limamin unguwa, ya yanka mata. Wannan karon kwanonin suka dawo wayam. Dattijon coci, Baba Ɗanladi, ya tare ta ranar Lahadi bayan sujada.

"Akuyar haihuwar Almasihu a hannun liman, Tani?"

Ta ce, "Baba, Ubangiji ya ce in ƙaunaci maƙwabcina. Da abincin da ba zai ci ba zan ƙaunace shi?"

Tsoho ya sosa ƙeya, ya ce dai a ajiye masa hanta.

Haka ta yi ta yi shekara tara. Mata suka fara shigowa aron turmi, daga aron turmi sai hira. In ɗan wata ya yi zazzaɓi, Tani ce mai goya shi zuwa asibiti, tana addu'arta a hanya.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Barau ya rasu tsakiyar damina. Kogi ya kawo, mazan coci na ƙauyuka suka kasa ƙetarowa. Fasto ne kawai ya zo da Baba Ɗanladi, tsohon kuwa ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Tani ta zauna kusa da gawa, tsoro ya kama ta. Wa zai haƙa kabari?

Sai ta ji sallama. Malam Hambali ne da mazan unguwa, kowa da diga ko shebur a kafaɗa.

Ya ce wa fasto, "Ku yi masa addu'arku. Haƙa namu ne."

Suka haƙa cikin ruwa, suka ja gefe har aka gama waƙa, sannan suka mai da ƙasa.

Lahadin da ta biyo baya Tani ta miƙe a coci don yin godiya. Ta ce, "Ni fa masu cin abincina kawai na roƙi Ubangiji. Sai ya ba ni masu binne mijina."