Hoton Iya Kande a Bangon Majami'a

Yunana Sati mutum ne mai riƙo, kuma bai taɓa musun haka ba. A Samaru yake gyaran kwamfuta, ran Lahadi kuwa shi ke kula da majigin wata majami'a a Sabon Gari. Tsohuwar kwamfutar majami'ar ya raba ta fuska biyu: ta ɗaya tasa ce, ta biyu ita majigi ke haskawa a bango. Ba ruwansa da linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja da hannu ana dannawa. Umarni yake bugawa a baƙin allo, waƙa ta buɗe, ya sake bugawa ta koma fuska ta biyu jama'a su gani. 'Yan kwaya har tsokanarsa suke yi, wai da aljanu yake hira.

Al'adar majami'ar ce a haska hoton mamaci a sujadar tunawa. Da mahaifiyarsa Iya Kande ta rasu a ƙauyensu bayan Shika, Yunana ya shirya nata. Dattijo Martins, shugaban dattawa, ya hana, ya ce ba ta yi baftisma ba, bangon ɗakin Allah kuma ba na Maguzawa ba ne. A gaban mutane ya faɗa. Yunana ya ce to, ya haɗiye, amma abin ya zauna masa a ƙirji.

Da bikin cikar shekarun majami'ar ya zo, aka tsara karrama waɗanda suka gina ta, hoton Martins a kan gaba. Yunana ya ce kansa na ciwo, ya bar wa Philip mai ganga linzami, ya koma cikin jama'a da wayarsa, wadda tuni ya haɗa da kwamfutar.

Martins na tsakiyar yabon kansa Yunana ya buga umarni. Hoton dattijo ya koma fuska ta ɗaya, wani tsohon hoto ya cika bango: Iya Kande da tulu a ka, tana kai wa magina ruwa lokacin da ginin nan ko taga bai kai ba. Philip ya rufe, hoton ya dawo. Ya sake rufewa, ya sake dawowa, domin kuwa haka Yunana ya tsara umarnin. Can sai wata tsohuwa a sahun zumuntar mata ta ambaci sunan Kande, sauran suka ɗauka. Yunana ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, bai kuma ɓoye ba.

Bayan sujada aka karɓe makullin ɗakin majigi daga hannunsa. Martins ya ce wa Yunana ya cire matar nan daga kwamfutar majami'a.

"Na cire, Baba," in ji Yunana. "Saura ruwan da ta zuba a bangon. Wannan ku za ku cire."

Har yau yana zuwa sujada, yana zama inda zai jingina da bango.